Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Marx da Weber da Mutumin Kafanchan?

Tambaya: Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a loko na yi aiki har na yi ritaya, kuma a Kafanchan nake zaune. Autata tana aji biyu a jami'a, tana karanta abin da suke kira soshiyoloji. Da kuɗin fansho da na 'yar gonar citta nake biya mata. Duk hutun da ta zo ba ta da zance sai na wasu Turawa, wai Marx da Durkheim da Weber. Na ce mata suna ina yanzu, ta ce ai duk sun mutu fiye da shekara 100. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Mutanen da ba su taɓa taka ƙasarmu ba, ba su san Kagoro ba balle Zangon Kataf, me za su gaya mana game da zamanmu? Sannan in ta gama, wane aiki za ta yi da su?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya sa ka ci moriyar ɗawainiyar da kake yi da ƙanwata. Tambayarka gida biyu ce. Ta farkon ce mai nauyi, ita za ta ci mana lokaci. Ta aiki kuwa zan zo kanta daga baya, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba.

Ta wani gefen kana da gaskiya, babu ɗayansu da ya san ƙasar nan. Karl Marx, Bajamushen da ya ƙare rayuwarsa a Landan a 1883, iyakar Afirkarsa 'yan watannin da ya yi yana jinya a Aljeriya ne a 1882. Emile Durkheim na Faransa, wanda ya rasu a 1917, ya rubuta littafi guda kan addinin mutanen asalin Ostireliya alhali bai taɓa zuwa can ba, da rahoton wasu ya yi aiki. Max Weber, shi ma Bajamushe, ya rasu a 1920, layin dogo bai ma iso Kafanchan ba.

Sai dai abin da ya tayar musu da hankali har suka ɗauki alƙalami, kai da hannunka ka yi masa aiki. A zamaninsu Turai ta birkice. Mutanen ƙauye sun bar gona sun cika garuruwan masana'antu, layin dogo ya ratsa ko'ina, albashin wata ya maye gurbin rumbu, magatakarda da takarda suka fara yanke abin da a da dattijo ke yankewa. Mutum ya wayi gari maƙwabcinsa ba danginsa ba ne, ba bakinsu ɗaya ba, wataƙila ma ba wurin ibadarsu ɗaya ba. Ilimin zamantakewa, wato soshiyolojin nan, daga wannan ruɗani ya fito.

Yanzu dubi garinka. Kafin jirgi, mutanen Fantswam na zaune a ƙasarsu suna noma, fadar Jama'a kuma tana can Jama'ar Daroro, inda Malam Usman ya kafa ta wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna, aka ja reshe zuwa Jos, mahaɗar ta faɗo a Kafanchan. Kwal na hawowa daga Inugu, kuza na gangarowa daga Jos. Cikin 'yan shekaru sai ga Ibo da Yarbawa a ofis da loko, ga Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, ga Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro suna shigowa ƙwadago da cin kasuwa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ita ma ta dawo Kafanchan. Sauyin da Turai ta ɗauki shekaru aru-aru tana yi, garin nan ya haɗiye shi cikin rayuwar mutum ɗaya, kuma ba da shawararsa ba.

Bari in fara da Durkheim, don nasa ya fi kusa da aikinka. Ka tuna zamanin injin kwal, jirgin kaya zai tashi da asuba. Direba na kan inji, mai zuba kwal na gefensa da shebur, gumi na tsiyaya. Mai juya layi na can bakin mahaɗa riƙe da ƙarfensa, mai sigina na jiran waya daga tasha ta gaba, leburori kuma tun jiya sun bi dogo da guduma suna ƙwanƙwasa kusoshi. Ɗaya ya yi sakaci, duka sun shiga uku. Amma direban nan bai taɓa tsayawa ya tambayi mai juya layi ko ɗan Bajju ne ko Bayarabe kafin ya ɗora ransa a hannunsa ba. Me ya riƙe su?

A littafinsa na 1893 kan rabon aiki, Durkheim ya ce zumuncin da ke riƙe jama'a iri biyu ne. Akwai na kamanni, irin na gayya: kowa da fartanyarsa, aiki iri ɗaya, al'ada ɗaya, yau gonar wannan gobe ta wancan, wanda ya noƙe kuma gari ya sa shi a baki. Akwai kuma na buƙatar juna, inda bambanci ne ma ke ɗaure mutane. Mai noman doya ba ya fiɗa, mahauci ba ya kiwo, Bafulatana mai nono na buƙatar hatsi, kowa kuma na buƙatar direban mota. Kafanchan a kan irin na biyun aka gina ta. Amma Durkheim ya ƙara wata magana da ɗalibai kan tsallake don ba a cika tambayarta a jarrabawa ba: ciniki ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai akwai amana da doka a ƙarƙashinsa, abubuwan da ba a rubutawa a takardar yarjejeniya.

Mun ga gaskiyar wannan a Afrilun 2011. Bayan zaɓen shugaban ƙasa an yi tarzomar da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci sama da mutum 800 a jihohin arewa 12 cikin kwana uku. An ƙone kasuwar Kafanchan, an yi kashe-kashe a Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwa. Asarar ba ta tsaya ga rayuka da rumfuna ba. Ciniki ya rabu, unguwanni suka rabu, kowa ya ja zuwa inda yake jin zai iya barci. Matar da ta saba karɓar atamfa bashi wurin Alhaji ta biya bayan kaka, da shi Alhajin da ke ajiye mata turmi ba tare da rasit ba, har gobe suna buƙatar juna. Abin da ya ƙone tsakaninsu ba a ba da kwangilarsa. Ɗalibin Durkheim in an tura shi duba ko gari ya warke, ba rumfunan da aka sake ginawa zai ƙirga ba. Zai tambaya wa ke ba wa bashi, wa ke zuwa jana'izar wa, yara nawa ne ke zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

A wani littafin nasa na 1897, kan masu kashe kansu, ya nuna da alƙaluma cewa sauyin arziki na farat ɗaya, ko faɗuwa ko ɗaukaka, yana kwance ƙa'idojin da mutane ke rayuwa a kai. Abin da aka saba tsammani ya daina faruwa: ka yi karatu ba aiki, ka yi aiki albashi bai kai wata ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi, aka yi ta sallamar ma'aikata, jirgin ƙasa kuma ya fara mutuwa a tsaye, ka fi ni sani. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Ban ce talauci ne ya tayar da shi ba. Gardama ce kan wa'azi, kuma tun shekara guda kafin nan ƙasa ta ɗau zafi kan batun shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Tambayar dai ita ce, me ya sa faɗan ɗalibai a makaranta ɗaya ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina da Kano cikin 'yan kwanaki? Su waye suka fito titi, kuma me suka rasa a shekarun da suka gabata?

Marx kuwa, a gonarka ta citta za ka same shi. Shi a kan ma'aikatan masana'antun Ingila ya yi nazari, ya fitar da Das Kapital a 1867, amma tambayarsa tana tafiya ko'ina: wa ke yin aikin, wa ke kwashe ribar? An haƙe citta da kaka. Mata da yara sun zauna a inuwa da wuƙaƙe suna tsaga ta gida biyu, yatsu na raɗaɗi, an baza ta a rana ana juyawa, tulin da ya cika tsakar gida ɗanye ya bushe ya koma 'yan buhuna. Dillali ya zo ya ɗebo a hannu, ya karya ɗaya ya shinshina, ya taya. Daga kasuwar Kwoi ko Kachia ko Kafanchan a tara a sito, tirela ta kwashe zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. A kowace tasha kuɗinta na ƙaruwa, kuma mafi ƙanƙantar rabo na mai wuƙar nan ne. Kai kana sayarwa da kaka don kuɗin makaranta ya matso, mai sito kuwa yana da abin jira har farashi ya tashi. Da wata cuta ta afka wa citta a daminar 2023 ta ruɓar da gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, wanda ya ci bashin iri da taki shi ya kwana ciki. Mai jari sai ya juya kuɗinsa zuwa wata hajar. Ba mugunta ce ta mutum ɗaya ba, in ji Marx, tsarin ne a haka, kuma ko waliyyi aka sa a kujerar mai sito haka lissafin zai fita. Haka nan yaron da ke bin garke a daji, sau da yawa shanun ba nasa ba ne, mai su na birni. In rikici ya tashi tsakaninsa da mai gona, talaka biyu ne suka haɗu a bakin rafi.

Marx ya yi zaton wata rana masu aiki za su gane cewa su aji ɗaya ne, su haɗa kai ba ruwansu da yare. Ma'aikatan jirgi sun taɓa gaskata shi. A yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi wa jagora, an fi kwana 40 ana ja da gwamnatin Turawa kan kuɗin tsadar rayuwa, kuma ba a tambayi kowa garinsu ba. Amma a 1966 wannan layin dogo ɗin dai shi ya kwashi Ibo masu gudun ceton rai zuwa gabas, ta Kafanchan suka bi, kuma katin ƙungiyar ƙwadago bai kare kowa ba. Nan ne Marx ya gaza. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi ƙoƙarin cike giɓin a littafinsa na 1987, inda ya nuna yadda manya ke juya addini don su kare kujera da dukiya, talakawa kuma su kashe juna. Akwai gaskiya mai yawa a ciki, duk wanda ya ga yadda ake raba kuɗi daren zaɓe ya sani. Amma a ganina bai isa ba. Ba a ingiza mutum sai an sami wani ciwo a ransa da za a taɓa, kuma dattijon da ya ce an raina kakanninsa ba kullum ne wani ya saya masa bakin ba.

Wannan ciwon Weber ne ya fi kowa fahimtarsa, shi ya sa in aka ce in zaɓi ɗaya don Kudancin Kaduna, shi zan ɗauka. Ya ce mutane ba dukiya kaɗai suke takara a kai ba. Akwai martaba: wa ake tashi wa, wa ake durƙusa wa, yaren wa ake yi a fada, wa ake kira da sunan raini. Ya kuma ce mulki ba ya ɗorewa da bulala kaɗai, sai waɗanda ake mulka sun yarda mai mulkin ya cancanta. Yardar nan ko daga gado take fitowa, ko daga kwarjinin mutum ɗaya da jama'a suka ga baiwa a tare da shi, ko daga doka da ofis, inda ake bin kujera ba mai kujera ba.

Ɗora wannan a kan tarihinmu. Da Turawa suka zo, sun ga sauƙin mulki ta hannun sarakuna, sai suka bar al'ummomi da yawa waɗanda ba Musulmi ba a ƙarƙashin hakiman Zazzau da na Jama'a, har da wuraren da ikon sarakunan bai taɓa zama daram ba kafin zuwan bindigar Bature. Haraji ta hannun hakimi, aikin tilas ta hannunsa, shari'a a gaban alƙali. Kagoro da Jaba da Marwa su ne aka bari da sarakunansu. Wato dai an ɗauki mulkin gado na wasu aka ɗora wa waɗanda ba gadonsu ba ne, aka tokare shi da ƙarfin ofis. Tun shekarun 1940 Bajju da Atyap suka fara bore a kan haka. M. G. Smith, masanin da ya yi bincike a lardin Zazzau wajen 1950 ya kuma rubuta tarihin sarautar Zazzau a 1960, ya yi nazarin Kagoro ma, kuma da ma'aunan Weber ya yi wani ɓangare na aikinsa. Kagoro ta dace da nazari, domin Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008, ya haɗa kujerar gargajiya da ilimin mishan da kwarjinin kansa, kuma mutanensa suna ganin nasu ne.

Yanzu ka duba Zangon Kataf. A watan Fabrairun 1992 rikici ya tashi kan mayar da kasuwa daga cikin garin Zango zuwa sabon fili. A watan Mayu ya dawo da muni, ya kai Kaduna da Zariya, aka yi asarar rayuka masu yawa. An kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Mai kallo daga nesa zai ce addini ne. Ɗalibin Marx zai ce kasuwa ce, wa zai riƙe rumfuna da awo da dillanci. Dukansu sun taɓo wani abu. Amma saurari abin da ɓangarorin ke faɗa da bakinsu. Atyap na cewa ƙasar kakanninmu ce, ga shi hakimi daga Zazzau ake naɗo mana, a kasuwar garinmu ma ba mu da ta cewa. Hausawan Zango na cewa kakanninmu a nan aka binne su tun zamanin fatake, ba mu da wani gari, ɗauke kasuwa yanke mana hanyar abinci ne, kuma somin-taɓi ne na kora. Kowanne maganar cancanta yake yi: wa ke da ikon yanke hukunci a kan wannan ƙasa, kuma wa ya ba shi?

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna haka. A tsakiyar shekarun 1990, zamanin gwamnan soja Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ba Atyap da Bajju masarautunsu. A watan Mayun 1999, ana saura kwanaki soja su miƙa mulki, Kafanchan ta sake kamawa a kan bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda. Da Gwamna Ahmed Maƙarfi ya hau, a farkon mulkinsa ya ƙirƙiro masarautu da dama, har da ta Fantswam. Sandar sarki ba ta ƙara wa kowa mudun masara ba, kuma mai bin Marx sau da ƙafa zai ce an yi wa talaka wayo ne. Amma ƙura ta lafa a wurare da yawa na wasu shekaru, domin an biya wata buƙata ta gaske. Sai dai Weber bai bar mu mu yi murna da wuri ba. Ya lura cewa duk ƙungiyar da ta sami shiga, takan juya ta rufe ƙofa a bayanta. Yau Bahaushe ko Bafulatanin da ke zaune ƙarƙashin sabuwar masarauta shi ma tambayar da aka yi jiya yake yi: wannan kujerar tawa ce? Ƙofar da aka fi rufewa da ita a zamaninmu kuwa takarda ce, shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati da shiga soja. Jikan abokin aikinka da kakansa ya zo daga Inugu ko Kano a 1930, an haife shi a Kafanchan, an haifi ubansa a Kafanchan, ina zai karɓi tasa? Wani abokin Weber mai suna Georg Simmel ya yi ɗan gajeren rubutu a 1908 kan irin wannan baƙon, wanda ya zo bai koma ba, yana cikin gari amma ba a lissafa shi ɗan gari, kuma galibi ɗan kasuwa ne. Yahudawan Turai ya kawo misali da su, amma kai ka san gidajen da maganar ta faɗa a kai.

Akwai wata maganar Weber da ta fi waɗannan ɗaci. A wata lacca da ya yi a 1919 ya ce abin da ya sa hukuma ta zama hukuma shi ne ita kaɗai jama'a suka yarda ta yi amfani da ƙarfi a cikin iyakarta. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Shekarar ba ta ƙare ba aka kai hare-hare Godogodo da Goska. Ba wai dattawan ƙarya suka yi ba. Alkawari suka ɗauka wanda cika shi ba a hannunsu yake ba. In aka kashe wa manomi ɗa ba a kama kowa ba, aka kashe wa makiyayi ɗa aka kore shanunsa ba a kama kowa ba, kowa zai nemi 'yan bangarsa, ramuwa ta karɓi aikin kotu. Ba sai an nemo dalili a jinin wata ƙabila ko a littafin wani addini ba.

Kada dai ƙanwata ta mayar da mutanen nan annabawa. Weber ɗin nan, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905, ya danganta bunƙasar jari-hujja da tarbiyyar wasu ɗariƙun Kirista na Furotesta, masu ɗaukar aiki tuƙuru da tsimi a matsayin ibada. Wani zai yi saurin cewa ai ga shi nan, mishan ɗin SIM ta sauka Kwoi a 1910, ta bazu zuwa Kagoro da sauran wurare, makarantunta suka fitar da malamai da ma'aikatan jinya da hafsoshi. Haka ne, amma makaranta ce ta yi wannan aikin. Kuma Alhassan Ɗantata, da fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja tun kafin a haife shi, ba su jira wani mai wa'azi daga Turai ya koya musu tsimi da riƙon amana ba. Abin da Weber ya rubuta kan Musulunci rauni gare shi, bai kuma gama shi ba ya mutu.

Ba kuma Turawa ne suka fara wannan ilimi ba. Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan dangi da ke kai jama'a ga mulki, da yadda daɗin birni ke narkar da shi cikin 'yan tsararraki har wasu masu sabon haɗin kai su ture su. Babban giɓin da Turawan uku suka bari kuwa shi ne yadda zama yake ga wanda aka yi wa mulkin mallaka. Namu ne suka cike wannan. Farfesa Peter Ekeh, a wata maƙala ta 1975, ya ce Bature ya bar mana fage biyu na rayuwar jama'a. Akwai na ƙabila da gari, inda ake jin kunya da tsoron Allah. Akwai na gwamnati, wanda ake gani kamar na wani ne can. Ka san ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinsu da ba zai taɓa ko kwabo na asusun gina ɗakin taro ba, amma a ofis ya karkatar da kuɗin rijiyar burtsatse zuwa ƙauyensu, a kuma ba shi sarauta a kai. Ekeh sai da ya karanci su Weber da Durkheim tukuna ya ga abin da ba su gani ba, shi ya sa ake fara wa ɗalibai da su.

Saura maganar aiki. Takardar digirin nan ita kaɗai ba ta buɗe ofis, kuma akwai masu ita da yawa a gida suna jira. Waɗanda suka samu, za ka gan su a koyarwa, da ma'aikatun jin daɗin jama'a, da hukumar ƙidaya, da gidajen gyaran hali, da aikin ɗan sanda, da jarida, da sashen kula da ma'aikata na kamfanoni, da ƙungiyoyin agaji da na sulhu. Jihar Kaduna ma ta kafa hukumar zaman lafiya a 2017. Abin da ke bambanta wanda aka ɗauka da wanda aka bari ba haddar sunayen Turawa ba ne. Iya tsara tambayoyin bincike ne, da iya lissafin alƙaluma a kwamfuta, da rubuta rahoton da mai karatu zai gane. Ka ce mata kada ta guje wa darasin alƙaluma yadda yawancinsu ke yi. In lokacin rubutun kammala digiri ya zo, kada ta kwafo na wani daga intanet, ta ɗauki abu ɗaya na gida ta bi shi har ƙarshe, ko hanyar buhun citta daga gona zuwa tirela, ko yadda ake ba da bashi a kasuwa kafin 2011 da bayanta. Ta kuma riƙe yarenku da Hausa da kyau, in da hali ta ƙara da ɗan Fulatanci, domin masu ɗaukar ma'aikatan bincike a yankin nan sun fi neman wanda zai zauna da tsohuwa a Kwoi ko a ruga ya fahimci abin da take faɗa ba tare da tafinta ba.